DARASI: Leda a Cikin Ruwa, Abin da Za Mu Koya Daga Ma'aikatan Tace Ruwa

Ƴan uwa fatake, dillalai da masu rakiyar garke, darasinmu na wannan fitowa a kan leda ne da mashayar bisashe.

Mu fara da aikin ma'aikatan gidan ruwa. A Yamai, tashar Gudel daga kogin Isa take ɗibar ruwan da ake kai wa birnin. Kafin ruwan kogi ya kai famfo, sai ya bi matakai. Da farko akwai ragar ƙarfe a bakin mashiga, ita ke tare leda, kwalaben roba da ɓawon piyawata. In ba a kwashe su a kai a kai ba, raga ta toshe, injin ya rasa ruwa. Sannan a zuba alam, datti ya dunƙule ya kwanta ƙasa. Daga nan ruwa ya ratsa yashi, a ƙarshe a sa kulorin. To, a lura: kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya narkar da roba.

Abin da ma'aikatan suka ƙara ganewa shi ne leda ba ta ruɓewa kamar kara ko ganye. Rana ke gasa ta har ta farfashe ta zama ɓarɓashi da bai kai milimita 5 ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan wannan ɓarɓashi a ruwan sha, ta nuna tacewa mai kyau tana rage shi ƙwarai. Amma mafi sauƙi a gare su, kada ledar ta shiga kogi tun farko.

Ina ruwanmu da wannan? Shanunmu ba su da gidan ruwa. Tabki, gulbi da komin bakin rijiya su ne mashayarsu, babu raga, babu yashi. Saniya kuwa ba ta tsinke abin da take haɗiya, balle a bazara da yunwa ta kama ta, ko ledar ta taɓa gishiri da mai. Leda in ta sauka cikin tumbi ba ta fita, sai ta cukuikuye ta cinye wurin abinci. Mahauta sun fi kowa sanin haka.

Alamun su ne: sa ya rage ci, ya rage tuƙa, ciki ya kumbura alhali ƙashin baya na fitowa, kashi ya yi kaɗan. Babu allura ko ƙwayar da ke narkar da ita. Sai likitan dabbobi ya yi fiɗa, ko a yanka da asara. Wanda ya sayi irin wannan sa a Maraɗi ko Tawa, ya biya mota da takardun iyaka, ya kai Jibiya ko Ilela, can zai ga kuɗinsa ya zube.

Doka ma tana nan. Nijar ta yi dokar hana leda marar kauri a 2014, a 2014 ɗin kuma hanin Kamaru ya fara aiki. Duk da haka leda ba ta bar kasuwanninmu ba, don haka gyara yana hannunmu:

1. Kafin garke ya sha, a aika yaro ya tsince bakin mashaya.
2. Masu ɗura komi su ɗaura raga ko tsumma mai tsabta a bakin tiyo.
3. A aje ganga a kara domin ɓawon piyawata da ledar abinci, sarkin kara ya sa ido.
4. Kada a zango kusa da jujin gari.
5. Kada a ƙona leda kusa da garke ko rijiya, hayaƙinta guba ne.
6. Kafin ciniki ya faɗa, a tsaya a ga dabbar tana tuƙa, a dubi kashinta.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan darasi ga waɗanda ba su samu takardar ba, ranar kasuwa mai zuwa.