Kuɗin Haya da Kuɗin Wuta: Jan Hankali ga Mazauna Zango

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Hukumar ƙasar Gana ta tanadar wa mai ƙaramin ƙarfi wani sauƙi a kan haya da wutar lantarki, amma da yawa daga cikinmu a Nima da Mamobi da Sabon Zango da zangon Kumasi, sauƙin nan wuce mu yake yi muna zaune. Ga bayaninsa. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na farko: dokar haya

Kowa ya san yadda ake kama ɗaki a Akra. Ka sha yawo ka samu ɗaki, sai mai gida ya ce ka kawo kuɗin shekara biyu a dunƙule. Ina mai facin taya ko mai sayar da shinkafa da wake za su samo wannan? To, a sani, Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta hana karɓar kuɗin da ya wuce na wata 6 gaba. Ba a cika bin ta ba, don ɗakuna sun yi kaɗan, masu nema sun yi yawa. Duk da haka dokar tana nan, kuma ofishin kula da haya, wanda ake kira Rent Control, yana sauraron ƙara tsakanin mai gida da ɗan haya. Sai dai fa ka je da shaida. Kada ka miƙa ko sidi ɗaya ba tare da rasit ba, ko da mai gidan limamin unguwarku ne.

Na biyu: rancen haya

A watan Janairun 2023, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dokta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar da shirin taimakon haya na ƙasa, aka fara da jihohi shida, ciki har da Akra da Ashanti da ta Arewa. Tsarinsa shi ne shirin ya biya wa mutum dunƙulen kuɗin nan hannun mai gida kai tsaye, shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. An sharɗanta mai nema ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 18, yana da katin shaidar ɗan ƙasa, ya kuma nuna hanyar samunsa ta takardar banki ko asusun kuɗi na waya. Nan ne mutanenmu suke zubewa, domin cinikinmu hannu da hannu ne, ba ya barin sawu. Mai hikima ya riƙa zuba cinikinsa a asusun waya tun yanzu. A kuma lura: wannan rance ne, ba kyauta ba. Kada ka kama ɗakin da ya fi ƙarfin aljihunka.

Na uku: wutar talaka

Hukumar da ke ƙayyade farashin wuta da ruwa, wato PURC, ta ware farashi mai rahusa ga gidan da bai sha fiye da yunit 30 a wata ba. Amma dubi gidajenmu. A ce gida mai ɗaki goma, mita ɗaya a zaure. Kowane ɗaki ƙwan lantarki biyu ne da fanka da cajin waya, a ce yunit 20 a wata. Mita ba ta san ɗaki goma ba, abin da ta gani yunit 200 ne. Sai a yi wa talakawa goma lissafin mai firji da na'urar sanyaya ɗaki, ga rigimar rabon kuɗi duk ƙarshen wata. Maganin shi ne a zauna da mai gida, a nemi mitar kowane ɗaki daga kamfanin wuta na ECG, ko NEDCo ga mazauna arewa. Ku shiga ofis da ƙafarku, ku guji masu tare mutane a bakin ƙofa suna neman na goro.

Saboda haka muna roƙon sarakunan zango da limamai da shugabannin mata su riƙa faɗin wannan a masallaci da wurin suna. Abu uku ne: karɓi rasit, ajiye shaidar samunka, nemi mitarka. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya rufa mana asiri, amin.