GARIN TSABAR ALAYYAHU A KUNUN JARIRAI

Uwargida, ko kina da juna biyu ko kina goyo, wannan darasi naki ne, kuma yana da kyau maigida da kakar yara su saurara. Tambayar da muka fi sha a ɗakin awo ita ce: "Sista, idan yaro ya isa cin abinci me zan fara ba shi?" A wannan fitowa za mu yi bayani a kan garin tsabar alayyahu, da amfaninsa, da inda ƙarfinsa ya tsaya, da yadda ake haɗa shi ba tare da an cutar da yaro ba.

Mene ne tsabar alayyahu?

Alayyahu kowa ya san shi a miya da fate. Sai dai akwai nau'insa da ake nomawa don tsaba. Asalinsa ƙasashen Meksiko da Peru ne, inda aka yi dubban shekaru ana cinsa, yau kuma ana noma shi a Indiya, Kenya da Uganda. Tsabar ƙanana ce ƙwarai, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, launinta fari-fari mai ruwan madara. Ita ake niƙawa ta zama gari.

A kowane giram 100 na tsabar akwai kimanin giram 14 na furotin, wato sinadarin gina jiki. Tana kuma da wani ɓangare na furotin mai suna laisin, wanda ya yi ƙaranci a masara, gero da dawa. Saboda haka idan aka haɗa ta da waɗannan hatsi, kunun ya fi gina jiki. Tana da sinadarin ƙarfe da na ƙarfafa ƙashi, kuma ba ta da gulutin, abin da ke cikin alkama wanda wasu yara ba sa shiri da shi.

Gargaɗi kafin komai

Kada ki sayi irin alayyahu na shuka a kasuwa ki niƙa wa yaro. Irin shuka sau da yawa ana barbaɗa masa maganin ƙwari don kada ya lalace, kuma wanki ba ya tabbatar da cewa maganin ya fita. Wannan guba ce ga babba ma, balle jariri. Ki yi amfani da tsaba ko garin da aka tanada don ci kawai, ki kuma duba ranar da zai lalace a jikin leda.

Yaushe ake farawa?

Sai yaro ya cika wata 6. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo, kuma ƙa'idojin ciyar da yara da ta fitar a 2023 suna nan a kan haka. Kafin lokacin, duk cokalin kunu da ya shiga yana rage nonon da zai sha, ya kuma buɗe ƙofar gudawa. Daga wata 6 nono kaɗai ba ya isarsa, sai a ƙara da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Yadda ake haɗawa

1. Ki tsince tsabar, ki wanke ta a rariya mai laushi, ki shanya ta bushe sarai.
2. Ki soya ta sama-sama a busasshiyar tukunya har ta fara ƙamshi, sannan a niƙa, a tankaɗe.
3. Ki haɗa gwangwani 1 na garin alayyahu da gwangwani 3 na garin gero ko masara. Shi kaɗai yana da danƙo da ɗan warin ƙasa, yara da yawa ba sa karɓarsa.
4. Ki wanke hannu da sabulu, ki dama cokali 2 na haɗin da ruwa mai tsabta, ki ɗora a wuta kina juyawa har minti 10 zuwa 15. Zuba tafasasshen ruwa kawai kamar yadda ake dama koko bai isa ba, dole ya dahu.
5. Ki sa ƙaramin cokali 1 na man gyaɗa ko manja, ko tunkuza mai laushi daga gyaɗar da aka tsince masu ruɓa da fumfuna.

Kunun ya yi kaurin da idan kika karkata cokali ba zai tsiyaye ba. Tsinkakken kunu ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, yana cika ɗan ƙaramin ciki ba tare da ya ƙosar ba. Ki ba shi da kofi da cokali, ba da bulumboti ba, kuma ban da ɗura, domin ɗura na iya tura kunu cikin huhu. Kada ki sa gishiri, dunƙule ko sukari. Zuma kuwa sai ya wuce shekara 1.

Nawa zai ci?

Wata 6 zuwa 8: sau 2 zuwa 3 a rana. A fara da cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi.
Wata 9 zuwa 11: sau 3 zuwa 4, rabin kofi kowane ci.
Wata 12 zuwa 23: sau 3 zuwa 4, kusan kofi guda, tare da abincin gida.
Kofin da ake nufi shi ne mai cin mililita 250. Tsakanin abinci a iya ba shi ayaba ko gwanda da aka dama.

Shin yana maganin ƙarancin jini?

A nan ne iyaye ke ruɗuwa. Tsabar tana da sinadarin ƙarfe, amma tana kuma da wani abu mai suna fayitet da ke riƙe shi ya hana hanji tsotsewa. Wani bincike da aka wallafa a 2012 a kan ƙananan yara a Kenya ya nuna cewa bayan mako 16 ana ba su kunun masara mai garin alayyahu, ƙarancin jini bai ragu a a zo a gani ba, alhali waɗanda aka sa wa hodar sinadarai mai ɗauke da ƙarfe a kununsu sun samu sauƙi. Don haka kada ki dogara da shi kaɗai. Kullum yaro ya samu ƙwai, kifi da aka cire ƙaya, nama ko hanta da aka dafa aka niƙa. Ki haɗa masa da lemon zaƙi, mangwaro ko gwaba, domin bitamin C na taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen. Shayi kuwa hana shi yake yi, kada a ba yaro.

Ganyen fa?

Idan tsabar ba ta samu ba, babu damuwa. Gero da waken soya da gyaɗa ma haɗi ne mai kyau, ganyen alayyahu kuma yana nan da araha, yana ba da bitamin A mai kare ido da ƙara ƙarfin jiki. Bayan wata 6 ki wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, musamman da yake wasu lambuna da ruwan kwata ake ba su. Ki dafa ya yi laushi, ki niƙa, ki sa ɗan mai, ki haɗa a fate ko kunu. A ba shi da zarar ya huce. Duk abincin yaro da ya wuce awa 2 a ajiye ba a firiji ba, kada a sake ba shi.

Alamomin da za a kawo yaro asibiti

Ki fara da kaɗan, ki lura da shi kwana biyu zuwa uku kafin ki ƙara wani sabon abinci. Canjin launin kashi ba abin tsoro ba ne. Amma a garzayo da shi idan an ga kumburin leɓe ko fuska, ƙuraje masu ƙaiƙayi bayan cin abinci, wahalar numfashi, amai ba tsayawa, gudawa mai jini, kumburin ƙafafu biyu, ko tafin hannu ya yi fari fat.

Maigida, ƙwai guda da ɗan kifi a cefanen yau ya fi kuɗin gado a asibiti sauƙi. Uwargida, ki riƙa zuwa awon yara kowane wata da katinki a hannu. Nauyin da muke rubutawa a kai shi zai nuna ko abincin na isarsa. Allah ya raya mana su.