Kalmar nodule a takardar sakamakon hoto

Aikina karatun hoto ne. Sikanin na wuya da na ciki da na nono, hoton ƙirji, da abin da na'urar CT ta fitar, su nake zama in duba, in rubuta abin da na gani, a sa a ambulan a miƙa wa mai shi ya kai wa likitan da ya turo shi. Da Turanci muke rubutawa, domin likita muke rubuta wa. Abin da na daɗe ban lura da shi ba shi ne, kafin takardar ta isa teburin likitan, wani lokaci sai ta yi mako biyu a gida, kuma kowa ya buɗe ta ya karanta.

Wata Hajiya ce ta koya mini wannan. Ta haura hamsin, na yi mata sikanin na wuya ranar Alhamis, sai ga ta ranar Litinin ta dawo tare da ɗanta, ɗalibin jami'a, waya a hannunsa. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Likita, don girman Allah kada ka ɓoye mini. Yaron nan ya duba ya ce ƙari ne." Kwana huɗu ba ta yi barcin kirki ba. Har ta kira ƙanwarta ta lissafa mata basussukan da ake bin ta da waɗanda take bi. Na karɓi takardar, rubutuna ne: nodule guda ɗaya a ɓangaren dama, milimita 8, cikinsa kamar soso. Na ce, "Hajiya, kin san ƙwayar wake? Bai kai babba daga ciki ba. Kuma irin wannan mai ramuka kamar soson wanka, ko allura ba ma sa masa." Ta dubi ɗan nata, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba. Kalma ɗaya ya ɗauko daga cikin layi shida ya tambayi intanet, intanet kuwa ba ta ga wuyan mahaifiyarsa ba.

Asalin kalmar daga Latin ne. Nodus shi ne ƙulli, irin na igiya, nodulus kuma ɗan ƙaramin ƙulli. Iyakar ma'anarta ke nan: wani ɗan abu dunƙulalle da ya bambanta da naman da ke kewaye da shi. Siffa take bayyanawa da girma, ba ta faɗin wace cuta ce, ko ma cuta ce ko ba cuta ba. Kuma ba likitoci kaɗai ke amfani da ita ba. Duk wanda ya taɓa cirar gyaɗa ko wake ya ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle manne da saiwa. Malaman gona nodule suke kiran su, kuma a cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna jawo sinadarin naitirojin daga iska, abin da ya sa gonar da aka yi wake a bara take yi wa gero kyau a bana. Malamin makaranta ko mai wa'azi ko ɗan kamasho da muryarsa ta dishe wata da watanni, idan aka leƙa maƙogwaronsa aka ga 'yar kanta a kan igiyoyin murya, ita ma sunanta ke nan, kuma hutun murya da gyara yadda ake magana su ne maganinta na farko.

Matsalar tana wajen fassara. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai ƙululu, akwai ƙullutu, akwai kaluluwa, akwai ƙurji da maruru, akwai maƙoƙo. Kowacce da wurin zamanta. Amma da zarar takarda ta fito daga asibiti, sai mai fassara ya tsallake duk waɗannan ya ce ƙari, ƙari kuwa a kunnen mutanenmu ƙanin ciwon daji ne. Ni ɗan ƙullutu nake cewa. Bai cika daɗin ji ba, wasu ma dariya suke yi saboda yana tuna musu da tuwon da bai tuƙu ba, amma ya fi kusa da gaskiyar abin, kuma gara dariyar da kwana huɗu babu barci.

Girma yana da ƙa'ida a wurinmu, kuma tana canzawa daga gaɓa zuwa gaɓa. A huhu, duk tabon da bai wuce santimita 3 ba, wato kimanin goro matsakaici, shi ne nodule; idan ya wuce haka sai mu rubuta mass, kalmar da ta fi nauyi ƙwarai. Wanda bai kai milimita 6 ba, a jikin mutumin da ba ya shan taba kuma ba shi da tarihin ciwon daji, yiwuwar ya zama mugu ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. A ƙasarmu da tarin fuka ya yi yawa, da dama daga cikin irin waɗannan tabon tsohon ciwo ne da ya warke ya ƙandare, mai shi ma bai san ya taɓa yi ba. Idan mai tauri ne kuma ya shekara biyu bai ƙaru ba, hankalinmu yakan kwanta. A fata kuwa sai abu ya wuce santimita 1 yake samun wannan suna.

Na wuya, wato na halittar tayirod da ke kumbura ta zama maƙoƙo, su muka fi gani. Idan aka tara manya masu lafiya aka yi musu sikanin, za a iya samun ƙullutu a wuyan kusan rabinsu, mata sun fi yawa, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Fiye da tara cikin goma ba ciwon daji ba ne. Akwai ma'aunin da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar a 2017, ana kiran sa TI-RADS, daga 1 zuwa 5, kuma za ku gan shi a ƙasan takarda. Ana duba ko ƙullutun ruwa ne ko nama, duhunsa, ko gefensa sumul ne ko yana da zarto, ko tsawonsa ya fi faɗinsa, ko akwai 'yan ɗige-ɗigen alli a ciki. Na Hajiya 1 ne. Mai lamba 5, idan ya kai santimita 1, sai a sa siririyar allura a tsotso kaɗan a kai ɗakin gwaji. Allurar ba ta fi ta ɗibar jini kauri ba, kuma maganar da ake yawo da ita cewa idan ƙarfe ya taɓa ƙari sai ya bazu, ba ta shafi wannan gwajin ba. Abin da nake tsoro shi ne askar wanzami da sakiya a kan abin da ba a san ko mene ne ba, musamman a wuya, inda manyan jijiyoyin jini suke kwance dab da fata.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kalmar ba ta da haƙori. Wani magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B tun yana saurayi, na ga ƙullutu mai santimita 2 a hantarsa, hantar kuma ta riga ta yi kaushi. Na rubuta cewa a gaggauta yin CT. Ya je gida, matarsa ta ce ai ita ma an taɓa rubuta mata wannan kalmar a wuya, likita ya ce ba komai. Gaskiya ta faɗa game da wuyanta. Ya ajiye takardar a ƙarƙashin katifa, kuɗin CT ɗin ma ba kaɗan ba ne, ga hidimar gida. Bayan wata goma sha huɗu aka kawo shi ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Da na ɗora na'ura, abin ya cinye rabin hantar. Har yau ina tuhumar kaina, domin na rubuta "a gaggauta" da Turanci ban ɗaga kai na faɗa masa da Hausa ba, layi ya yi tsawo a ranar. Mai irin wannan hantar sikanin yake bukata duk wata shida, kuma duk ƙullutun da ya kai santimita 1 a cikinta ba a kwana da shi.

Haka nan na nono. A jikin budurwa 'yar ashirin, mai santsi da ke gudu ƙarƙashin yatsa yawanci ba mugu ba ne. A jikin mai shekara arba'in da biyar, mai tauri, wanda ya kafe wuri ɗaya, ko ya janye kan nono ciki, ko ya zo da kaluluwa a hammata, rashin ciwonsa ba abin kwantar da hankali ba ne. Na wuya ma, idan yana girma da sauri, ko murya ta dishe, ko haɗiya ta yi wuya, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Idan kun ga kalmar a takardarku, ku tambayi wanda ya yi hoton kafin ku bar wurin: a ina yake, milimita nawa ne, me ya kamata a yi kuma yaushe. Kada ku yar da tsohon hoto ko tsohuwar takarda, ko da ta shekara biyar ce, domin ba abin da ya fi taimaka mini kamar in aza na jiya kusa da na yau in auna. Ni kuma tun bayan magidancin nan mai ciwon hanta, biro nake ɗauka in rubuta layi ɗaya da Hausa a bayan ambulan: "a dawo bayan shekara ɗaya", ko "a ga likita cikin makon nan". Wanda ba ya karatun boko, sai in faɗa masa da baki, in sa ya maimaita mini.