Yadda Ake Koyar da Yaro Mai Buƙata ta Musamman a Tsakar Gida

Duk wanda ya san unguwannin Matameye da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tun daga Kance har zuwa garuruwan bakin iyaka ta hanyar Daura, ya san da wuya mutum ya wuce gidaje masu yawa bai tarar da gidan da Allah Ya jarrabi mutanensa da yaron da sanƙarau ya tafi da jinsa ba, ko wanda ƙyanda ta taɓa masa ido, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai ya bar shi da raunin gaɓɓai, ko kuwa wanda aka haifa bayan doguwar naƙuda, ya taso fahimtarsa tana jinkiri. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne a duniya suke rayuwa da wata naƙasa, kuma Nijar, wadda ta kafa dokar kare naƙasassu tun 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008. Amma makarantun kurame da na makafi ƴan kaɗan ne, suna kuma manyan birane irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram, saboda haka ga mafi yawan yaranmu tsakar gida ita ce makaranta ta farko, uwa da kaka da yayye su ne malamai.

Kafin a fara, wajibi ne a gyara niyya, domin wanda ya riga ya yanke ƙauna ba zai iya koyarwa ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci a Madina, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha barin sa ya ja wa mutane salla idan ya fita. Imamu Shaɗibi, wanda masu ilmin ƙira'a ke dogara da aikinsa har yau, makaho ne. Haka Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Babu ɗayansu da ya kai inda ya kai sai da wani ya zauna da shi, ya yi haƙuri, ya maimaita masa. Yaron da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki don kunyar baƙi, ko ake kira ɗan ruwa, ko ake tanadinsa don bara tun bai san dama da hagu ba, an danne masa haƙƙin da shari'a ta ɗora wa iyayensa, wato tarbiyya da ilmi gwargwadon iyawarsa.

Mataki na farko shi ne kallo. Ki ɗauki mako guda, ke uwa, ba tare da kin koya masa kome ba, ki lura da abin da yake iya yi da kansa, da abin da yake yi idan an taimaka, da abin da ke faranta masa rai, da abin da ke firgita shi. Yana juyowa idan an buga turmi a bayansa? Yana bin fitila da ido? Da wane hannu yake kai lomar tuwo? A wane lokaci ne na yini ya fi natsuwa? A cikin wannan makon ne kuma ya kamata maigida ya kai shi likita, a duba kunne da ido da nauyinsa, domin sau da yawa kunne mai zubar ruwa, ko tamowa, ko farfaɗiyar da ba a ba ta magani ba, su ne ke tare hanyar karatu, kuma idan abin ya fi ƙarfin asibitin gari, sai a nemi takardar zuwa babban asibitin Damagaram.

Daga nan sai a zaɓi abu ɗaya tak da za a koya, wanda yake kusa da abin da yaron ya riga ya iya, wanda kuma zai amfane shi yau da gobe: shan ruwa da moɗa, sa riga, nuna cewa yana son zuwa bayan gida, faɗin sunansa da na mahaifinsa. Iyaye da yawa kan so a fara da baƙaƙe da lissafi don a ga yaro ya yi kama da tsaransa, alhali wanda bai iya nuna yana jin ƙishirwa ba, abin da ya fi buƙata shi ne hanyar isar da saƙo. A keɓe lokaci sananne, kamar bayan kalaci da hantsi, da kuma bayan la'asar sa'ad da rana ta yi sanyi, a shimfiɗa tabarma ɗaya a wuri ɗaya kullum, nesa da murhu da rediyo, minti 10 zuwa 15, a kuma tashi tun yaron bai ƙosa ba.

Yanzu ga zuciyar al'amarin, inda nake roƙon mai karatu ya ƙara natsuwa. Kowane aiki da muke gani guda ne, haƙiƙa ƙananan ayyuka ne da yawa a jere, sai dai mu mun saba har mun manta da haka. Ɗauki sa riga: a kama ta, a gane gabanta da bayanta, a zura kai, a zura hannun dama, a zura na hagu, a jawo ta ƙasa. Masana tarbiyyar irin waɗannan yara sun gano cewa ya fi sauƙi a fara koyarwa daga ƙarshen jerin, a riƙa komowa baya. Wato ke za ki yi masa dukkan matakan, ki bar masa na ƙarshe kaɗai, jawo rigar ƙasa, domin da zarar ya jawo, aiki ya kammala a hannunsa, ya ɗanɗani daɗin gamawa, ke kuma ki yaba masa nan take, ki ce, “Madalla, ɗan albarka, ka sa rigarka!” Idan ya ƙware a wannan kwana uku ko huɗu a jere, sai ki bar masa biyu na ƙarshe, haka haka har ranar da za ki miƙa masa riga ki juya ga aikinki. Da wannan hanya ake koyar da wanke hannu da buta, da cin abinci da cokali, da alwala ita kanta.

Taimakon da ake ba shi ma yana da darajoji, kuma hikimar malami tana cikin sanin lokacin janye hannu. Da fari ki ɗora hannunki a kan nasa ku yi tare. Bayan kwanaki ki koma riƙe gwiwar hannunsa kawai. Sa'an nan ki taɓa kafaɗarsa. Sa'an nan ki nuna da yatsa. Daga bisani kalma ɗaya ta isa. Kuma duk sa'ad da kika umurce shi, ki ƙirga goma a zuci kafin ki maimaita, gama saƙo yana daɗewa kafin ya isa gare shi, amsa ma tana daɗewa kafin ta fito, mai gaggawa kuwa yakan katse amsar tana kan hanya. A ganina, tausayin da ke sa kaka ta karɓe cokali ta ce, “Kawo in ba shi, kada ya wahala,” ya fi tsawa cutar da yaro, domin yana hana shi abin da zai dogara da shi ranar da babu kaka. Duka kuwa ba shi da gurbi a nan ko kaɗan, tsoro kawai yake koyarwa.

Kayan karatu suna nan cikin gida. A zuba wake da gyaɗa a faifai ɗaya, a aje ƙore biyu, ya rarrabe su, wannan yana horar da ido da yatsu da natsuwa gaba ɗaya; amma yaron da ke kai kome baki, a ba shi manyan abubuwa, kamar goruba da albasa, kada ya shaƙe. A ƙirga gaɓoɓin rake kafin a sha, tunda Allah Ya wadata fadamunmu da shi. A jiƙa yumɓu ya murza, ya yi ƙwallo da igiya, domin hannun da ya murza yumɓu shi ne zai riƙe alƙalami. A baje rairayi a tire, a zana alif ko baƙin farko na sunansa da yatsa, babba, ya bi sawu, a share a sake, kafin a je ga allo ko alli. Idan ya fara gane adadi, a kafa masa ƴar kasuwa a gindin bishiya, tumatir da kuka da ƙuli-ƙuli, da kuɗi na gaske, dala biyar da dala goma da dala ashirin, shi ne mai sayarwa, ƙannensa masu saye, har ranar da za a aike shi shagon maƙwabci da dala ashirin, wani babba yana bin sa daga nesa.

Yaron da ba ya ji, babban haɗarinsa shi ne ya shekara biyar ko shida babu wani harshe a kansa, ana jiran ranar da zai yi magana. Kada a jira. Maganar hannu harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, wanda kuramen ƙasar Hausa suka gada tun kaka da kakanni, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta wallafa littafi a kan ta Kano a 2000. A nemi kurma baligi mai mutunci a cikin gari, tela ne ko makaniki, a roƙe shi ya riƙa zuwa gida, kuma dukkan mutanen gida su koya, har Baba, domin idan uwa kaɗai ta iya, yaron ya zama baƙo a gidan ubansa. A fara da alamomin ruwa, abinci, zo, zauna, ciwo, da sunan kowa a gidan. A tsaya inda haske ke faɗa wa fuskar mai magana, a taɓa kafaɗarsa kafin a fara, a nuna abin, a yi alamarsa, a kuma furta kalmar. Idan ya shiga makarantar kurame ya tarar da alamomi dabam da na gida, babu laifi, zai riƙe duka biyun.

Yaron da ba ya gani kuwa, a riƙa gaya masa abin da ake yi kafin a taɓa shi, a bar randa da turmi da kujera a mazauninsu kullum, a ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida, a rufe rijiya. A sa hannunsa bisa naki yayin da kike tankaɗe ko wanke-wanke, ya ji yadda aikin ke tafiya. Ana iya share masa fagen rubutun makafi tun a gida. Rubutun nan, wanda Louis Braille na Faransa ya ƙago a 1824 yana ɗan shekara 15, an gina shi ne bisa ɗigo shida, uku a hagu, uku a dama, daga sama zuwa ƙasa. A yi ɗan faranti na yumɓu kamar tafin hannu, a huda gurabe shida a wannan tsari, a shanya ya bushe. Tsakuwa ɗaya a gurbin sama na hagu ita ce “a”. A ƙara ɗaya a ƙarƙashinta ya zama “b”. Biyun sama, hagu da dama, su ne “c”. Ko bai wuce sanin sama da ƙasa da hagu da dama ba, ya shiga makaranta da jari. Haddar Alƙur'ani ta kunne kuwa, wannan malamanmu sun fi kowa sanin hanyarta.

Mai raunin gaɓɓai, wanda wuyansa ko bayansa ba ya tsayuwa, a fara gyara masa zama kafin kowane darasi, a kusurwar ɗaki ko cikin babban baho da aka cusa wa tsumma, ƙafafunsa a dafe, kansa a miƙe, gama wanda ke fama da kada ya faɗi ba shi da sauran hankalin sauraro. Kada a ba shi abinci ko ruwa yana kwance. A naɗa wa cokali da alli tsumma su yi kauri, riƙo ya yi sauƙi. Idan harshensa bai saki ba, a ɗaga masa abu biyu, kunu da fura, a tambaye shi wanne yake so, a karɓi kallonsa a matsayin amsa, domin sau da yawa hankalin irin wannan yaro lafiya lau yake. Wanda kuma ba ya zama wuri ɗaya, ko yake fusata idan an sauya masa tsari, a jera masa abubuwan yini a kan faifai, buta don wanka, moɗa don kalaci, allo don karatu, ya ɗauki kowane idan lokacinsa ya yi, ya san abin da ke tafe. Idan farfaɗiya ta tashi ana cikin darasi, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa kome a baki, kada a gudu, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. Idan ta wuce minti 5, a garzaya likita.

Kowace Jumma'a a zauna a duba inda aka kwana, a rubuta a ɗan littafi, da boko ko da ajami, abin da ya iya da ranar da ya iya shi. Idan mako biyu suka wuce babu motsi, matakin ne ya yi girma, a sake raba shi biyu. A raba aikin kuma tsakanin mutanen gida, kada a bar wa uwa ita kaɗai, kada kuma a cire yayarsa daga makaranta don ta zama mai reno.

Sa'ad da ya iya zama na ɗan lokaci, yana kuma iya nuna buƙatarsa, sai maigida ya ɗauki littafin nan ya tafi da shi wurin malamin allo na unguwa da shugaban lakwal mafi kusa, ya yi sallama, ya ce, “Allah gafarta Malam, ga ɗanku na kawo, ga abin da ya iya, ga yadda muke yi da shi a gida.” Ya roƙa a zaunar da shi sahun gaba, a haɗa shi da yaro ɗaya mai hankali wanda za su riƙa tafiya tare, a fara da awa ɗaya a yini, a riƙa ƙarawa. Ya kuma nemi reshen ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa da ofishin kula da jin daɗin jama'a, domin ta wurinsu ake jin labarin keken guragu, da sandar makafi, da lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai a makarantun musamman.