In Mota Ta Fara Fizga

Ɗana, na ji labarin motar da ka saya da kuɗin gyaɗa da waken bana. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Na kuma ji an ce ta fara yi maka gardama. Ka taka totur sai ta yi jim, sannan ta fizga. Wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji kuma ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Kada ranka ya ɓaci. Ba lallai ne cutarka aka yi ba. Motar da ta ci shekaru a Turai ko Amurka, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano, sannan ta zo tana shaƙar ƙurar Makoɗa, dole wata rana ta yi tari.

Ka fara duba launin fitilar. Idan ja ce, mai siffar ƙaramar buta, maganar baƙin mai ake yi. Wannan ba a lallaɓawa da ita zuwa gida. Ka gangara gefen hanya ka kashe, ko da kana hango rumfunan kasuwar Ɗambatta. Injin da baƙin mai ya daina zagaya shi, cikin 'yan mintoci yake bugawa. Haka ma in allurar zafi ta haura. Ka tsaya, kada kuma ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, ruwan nan ya ƙone hannayen mutane da yawa. Fitilar batir tana nufin caji ya tsaya. Motar za ta ci gaba da tafiya da abin da ya rage a batir, sai ta mutu a inda ta ga dama.

Taka mai ruwan ɗorawa ta fi su haƙuri. In ta kama ta tsaya cak, motar kuma tana tafiya, kana iya kai ta gareji a hankali. In tana ƙiftawa, wata silinda ce ba ta ƙone manta. Ɗanyen fetur yana gangarawa salansa, yana dafa matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. Ka sassauta ƙafa, ka rage kaya, kada ka yi nisa.

Za a sami masu ba ka shawara, kuma don Allah suke yi. Wani zai ce a cire kan batir na ɗan lokaci, fitilar za ta mutu. Gaskiya ne, za ta iya mutuwa. Sai dai abin da ƙwaƙwalwar motar ta rubuta ya goge ke nan, ciwon kuma yana nan. Wani zai liƙa baƙin salatif a kai. Wasu dillalan ma cire ƙwan suke yi kafin su sa mota a kasuwa. Shi ya sa, duk ranar da za ka sake sayen mota, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun duka ya kamata su kama, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ta ƙi kamawa, ka tambayi dalili. Matambayi ba ya ɓata.

Kafin ka je wurin bakanike, ka yi naka aikin. Ka lura da lokacin da take fizgar. Da sassafe ne cikin sanyi, in ta ɗumama sai ta ware? Ko sai ka loda buhunan gero za ka Dawanau, ka zo wuce tirela? Ko tana tsaye take karkarwa, in ka ɗan taka sai ta daidaita? Kowanne da inda yake nunawa. Wadda ke fizga in an yi mata lodi, yawanci fulogi ne ko koyil, ko famfon mai ya gaji. Mai karkarwa a tsaye, sau da yawa wata roba ce ta tsage tana shan iskar da ba a auna ba, ko maƙogwaron totur ya yi dauɗa. Wadda kuwa ta fara daga ranar da ka sha mai a wani wuri, to ka tuna wurin.

Maganar mai tana da tsawo, bari in ɗan zauna a kanta. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, kusan kowa ya koma shan mai ɗan kaɗan. Ban ga laifin kowa ba, aljihu ne. Amma a yawancin motocin nan famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Allura kullum a ƙasa, famfo kullum cikin zafi. Idan da hali, kada ka bari ta sauka ƙasa da kwata. Sai man 'yan bumburutu. Wani lokacin dole ce, dare ya yi maka tsakanin Bichi da Tsanyawa. Yaran nan neman abinci suke yi, amma jarkar da ta kwana a waje da damina ba ta rasa ruwa. Gidan mai ma ba ya sa ka saki jiki. A watan Fabrairun 2022, kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa. Ka ga, ƙasar da muke kiran motocinmu da sunanta.

Ga hunturu ya kusa. Ka buɗe akwatin filtar iska, ka ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, kwananta ya ƙare. Busa ta da iskar mai faci yana rage ƙura, amma yana iya huda takardar, ƙasa ta wuce kai tsaye cikin inji. Sabuwa ba ta kai kuɗin buhun masara ba.

Daga nan sai kwamfuta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996, da na fetur na Turai tun 2001, suna da wata 'yar kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ana jona na'ura, ta karanto lambar da motar ta ajiye. Tsohuwar Golf 3 takan so na'urar da ta san yarenta. In babu mai yi kusa da ku, shiga Kano bai kai asarar sayen kayan da ba su ne ba. Ka sa a rubuta maka lambar a takarda kafin a goge. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙonewa daidai. P0171, iska ta yi wa mai yawa. P0420, matatar hayaƙi ba ta aikinta.

Amma ka riƙe wannan da kyau. Lambar tamkar mara lafiya ce da ya dafa cikinsa. Ya nuna wurin, bai faɗi cutar ba. Bakaniken kirki, in ya ga P0301, ba zai tura ka sayen kaya Ƙofar Ruwa nan take ba. Zai zare koyil ɗin silinda ta ɗaya ya musanya da na ta biyu, in motarka mai koyil ɗai-ɗai ce, ya tayar. In matsalar ta bi koyil ta koma ta biyu, an kama ɓarawo. In ta tsaya inda take, sai ya kwance fulogin ya duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙin toka a bushe, mai ya yi yawa. Fari fat, mai bai isa ba. In ya jiƙe da baƙin mai, maganar ta shiga cikin inji, sai a zauna a yi lissafi.

Wanda ya ce a canza famfo, a canza nozul, a canza ƙwaƙwalwa gaba ɗaya bai gwada komai ba, kada ka yi masa faɗa. Wataƙila haka ya ga maigidansa yana yi. Ka ce masa, "Malam, mu fara da mai araha tukuna." In kuma aka ce a fasa indomi a zubar don mota ta sami numfashi, ka sani abin yana da masu saye saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Yana toshewa da gaske, amma galibi wani abu ne ya kashe shi, a gano wannan tukuna. Ka tsaya a wurin ana aikin, ka karɓi tsofaffin kayanka ka sa a but.

Bayan gyara, kada ka yanke hukunci a ƙofar gareji. Motar tana bukatar 'yan kwanaki tana tafiya kafin ta gama gwada kanta. Ka je gona, ka je kasuwa, ka hau kwalta. In fitilar ta dawo, ka koma wurin wanda ya yi aikin da takardar nan a aljihu, a ga ko lambar farko ce ko wata sabuwa.