Yadda Tela Zai Yanke Kuɗin Ɗinki Ba Tare Da Ya Ci Uwar Kuɗinsa Ba

Yawancin teloli a ƙasar nan suna yanke kuɗin ɗinki ne ta hanyar duban abin da maƙwabci yake karɓa, ko kuma duban tufafin mai kawo aiki. Wannan al'ada tana da haɗari, musamman tun daga shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma bar kasuwa ta tsayar da darajar Naira. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024. Telan da bai sake lissafi ba, ɗinki yake yi amma jarinsa yana zurarewa.

Kuɗin ɗinki ya ƙunshi abubuwa huɗu. Na farko shi ne kayan aiki, wato zare da maɓalli da zif da shafi. Na biyu shi ne ɗawainiyar shago, kamar haya da wuta da man janareta da gyaran keke da abincin yara masu koyo. Na uku shi ne ladan hannun telan kansa, wanda da yawa suke mantawa da shi. Na huɗu kuwa riba ce, wadda da ita ake sayen sabon keke idan tsohon ya gaji.

Alal misali, a ɗauka tela a Sabon Ibadan yana kashe N78,000 a wata kan ɗawainiyar shago. Yana buɗewa kwana 26, amma idan aka cire lokacin awo da zuwa kasuwa da salla, sa'a 6 kaɗai yake kan keke a kullum, sa'a 156 ke nan a wata. Saboda haka kowace sa'a tana cin N500. Idan yana bukatar N156,000 a wata domin iyalinsa, ladansa N1,000 ne a sa'a. Kaftani da wando da suka ɗauki sa'a 5 sun ci N7,500, a ƙara kayan aiki na N1,500, sun zama N9,000. Idan aka ɗora ribar kashi 20 cikin ɗari, farashi ya tashi N10,800. In ya karɓi N8,000 don kunya ko tsoron kada mai kaya ya tafi, bai sami riba ba, kuma ya yafe N1,000 daga cikin guminsa.

Abin lura a nan shi ne, lokaci ake sayarwa, ba yawan yadi ba. Babbar riga mai aska takwas da aka yi wa aikin hannu irin na Zariya tana iya ɗaukar makonni, don haka ba a kwatanta ta da surfanin keke. Haka nan alkyabba da kayan hawan salla da tufafin 'yan wasan kwaikwayo, waɗanda ake ɗinka su sau ɗaya bisa bukatar mai su. A irin wannan aiki wajibi ne a lissafta lokacin zane da gwaji da gyara. Bugu da ƙari, yanka shadda mai tsada irin Getzner yana da haɗari, domin idan almakashi ya kuskure tela ne zai biya, saboda haka ya dace farashi ya ɗan ɗara.

Anko, wanda Yarbawa suke kira aso ebi, yana ba da damar ragi, tunda salo ɗaya ake maimaitawa. Amma kada ragin ya wuce lokacin da aka rage. Aikin gaggawa kuwa, kamar wanda ake kawowa a goman ƙarshe na azumi, ya cancanci ƙari, domin yana jawo kwana a shago da ƙona fetur.

Daga ƙarshe, a karɓi kafin alƙalami da zai ɗauki nauyin kayan aiki, a rubuta awo da salo da farashi da ranar karɓa a littafi a gaban mai kaya. A kuma riƙa sabunta lissafin kowane wata uku. Telan da ya san abin da sa'arsa take ci, ya san inda zai tsaya idan ciniki ya yi zafi.