Yadda Ake Zaɓen Gadar Tiremolo Marar Kulle Wadda Ba Ta Ɓata Saitin Jita

Duk mai koyon jitar lantarki ya taɓa ganin ƙwararru a YouTube suna danna wata 'yar sanda da ke jikin jita, sauti ya yi ƙasa ya dawo kamar kukan mutum. Shi kuma da ya gwada a tasa sau biyu, sai jitar ta fita daga saiti, ya koma murɗa kunnuwa. Daga nan wasu sukan cire sandar su jefa a jaka. Wasu kuma su yi odar sabuwar gada ta intanet, bayan makonni ta iso, a tarar ramukanta ba su dace da na jitar ba, an yi asarar kuɗin kaya da na jigila. Wannan darasi zai nuna yadda ake kauce wa hakan.

Mece ce gadar tiremolo?

Gada ita ce ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a jikin jita, wato abin da masu goge suke kira jaki. A jita mai tiremolo gadar ba a kafe take ba, tana lilo ne. Tsirkiyoyi shida suna jan ta gaba da ƙarfin da ya haura kilo 40 idan masu matsakaicin kauri ne. A bayan jitar kuma akwai sifirin, yawanci guda uku, wani lokaci har biyar, suna jan ta baya. Inda ƙarfin biyun ya yi daidai, nan gadar take tsayawa. Idan aka danna sanda tsirkiyoyi su saki, sauti ya sauka. Idan aka saki sandar, dole gadar ta koma daidai inda ta taso. Ingancin gada gaba ɗaya yana kan wannan komawar.

Leo Fender ne ya fito da wannan tsari a jitar Stratocaster a Amurka a 1954. A ƙarshen shekarun 1970 Floyd Rose ya ƙirƙiro wadda ke danne tsirkiya da makulli a gada da kuma ƙarshen wuyan jita, kuma Eddie Van Halen ya sa ta yi suna. Mai kulle tana riƙe saiti ko da an danna sanda har ƙasa, amma canza mata tsirkiya sai da alanki da haƙuri, kuma jitar da ba a yi ta domin ita ba sai an fafe katakonta. Marar kulle ta fi sauƙin sha'ani. Da ita Jimi Hendrix ya yi wasa a Woodstock a 1969, kuma da irinta Jeff Beck ya shahara wajen sarrafa sanda har rasuwarsa a 2023.

A fara gwaji da waya kafin a kashe kuɗi

Sau da yawa laifin ba na gada ba ne. Ana iya gane hakan da manhajar saita jita irin su GuitarTuna, ko kowace manhaja da ke nuna sent. Sent ma'aunin sauti ne: tsakanin kowane gurbi na wuyan jita da na kusa da shi akwai sent 100.

A saita tsirkiyoyi shida daidai. A danna sanda sau uku a saki, sannan a duba kowace tsirkiya a rubuta inda ta tsaya. Idan ɗaya ko biyu ne kawai suka kauce, musamman ta uku wato G, to tsirkiyar tana maƙalewa ne a nat, wato ɗan matashin nan mai tsaga shida da ke ƙarshen wuyan jita. Wata alamar ita ce jin ƙarar "ƙis" lokacin da ake murɗa kunne. Maganinsa shi ne a goga bakin fensir a cikin tsagar, idan bai yi ba a kai wa mai gyara ya buɗa ta da zarto na musamman, ko a sa sabon nat na ƙashi ko irin na Graph Tech mai santsi. Sabuwar gada ko ta nawa ce ba za ta gyara wannan ba.

Idan kuwa duk shidan suka kauce gefe guda, kuma da an ɗan taɓa sandar sai su dawo, to gadar ce ba ta komawa mazauninta. A nan ne maganar canji ta taso.

Mai sukuru shida ko mai turke biyu?

Irin ta 1954 ana ɗaure ta ne da sukuru shida a jere, farantin gadar yana lilo a jikinsu. Tana da ƙarko, amma wuraren gogayya shida ke nan. Masu gyara sukan ɗaga sukurorin tsakiya guda huɗu kaɗan, su bar na gefe biyu suna taɓa farantin ba tare da sun danne shi ba. Wannan kaɗai yakan gyara gadar da aka ɗauka ta lalace.

Ɗayar kuma tana jingina ne da turaka biyu. An wasa gefen farantin kamar bakin wuƙa, yana zama cikin tsagar turken. Fender ta fara sa irin wannan a American Standard a 1987. Gogayya ta ragu, sanda ta fi laushi, kuma ana iya ɗaga gadar ko sauke ta da murɗa turakan. Rauninta shi ne komai ya dogara da wannan kaifin: idan ƙarfen mai taushi ne zai daƙushe, gadar ta daina komawa daidai.

Abin da ya fi hankali shi ne mutum ya tsaya a kan irin da jitarsa ta zo da shi. Komawa daga sukuru shida zuwa turke biyu yana buƙatar toshe tsofaffin ramuka da huda sababbi, kuma kuskuren milimita ɗaya ko biyu yana iya hana jitar saituwa.

Awo huɗu kafin oda

Na farko, tazarar sukurori, daga tsakiyar na farko zuwa tsakiyar na shida. Tsohon tsarin Amurka milimita 56 ne. Jitoci da yawa da aka ƙera a Meziko da ƙasashen Asiya kuwa kusan 52.5 ne. A hoto duk ɗaya suke, amma wannan ba ta shiga ramin waccan. Mai turke biyu ma a auna tsakanin turakan, da kaurin bututun da suke shiga cikin katako, domin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Na biyu, tazarar tsirkiyoyi. Akwai mai milimita 10.5 tsakanin kowace biyu, akwai 10.8, akwai tsohon tsari da ya ɗan haura 11. Idan wuyan jita siriri ne aka sa masa mai faɗi, tsirkiyoyin gefe za su riƙa zamewa daga bakin wuya ana tsakiyar kiɗa.

Na uku, tsawon bulo, wato dunƙulen ƙarfen da ke ƙarƙashin faranti inda ake maƙala sifirin. Kaurin jikin Stratocaster na asali kusan milimita 45 ne, amma wasu jitoci masu araha, har da wasu na Squier, ba su kai haka ba. Dogon bulo zai leƙo ta baya, murfi ya ƙi rufuwa.

Na huɗu, hannu. Ramin sanda na mai kiɗa da hagu yana ɗaya gefen ne. Bahago irin Mdou Moctar na Nijar, wanda ke kaɗa Stratocaster ta masu hagu, gadar da aka yi domin masu hagu ce za ta dace da jitarsa.

Kamfanonin kirki suna sa zanen awo a shafinsu. A sauke shi a waya, a ɗauko rula a gwada da jitar. Gadar da ba a nuna awonta ba, a bar ta ko da ta yi araha.

Ƙarfen da aka yi ta da shi

Faranti shi ne ya fi muhimmanci. A nemi wanda aka bayyana cewa sitil ne da aka ƙara wa tauri, musamman a mai turke biyu. Gadoji masu araha sukan zo da siririn bulo na tutiya. Masu tsada kuma sitil ko tagulla. Makaɗa suna ta muhawara a kan yadda bulo ke canza sauti, amma akwai abin da ba a musu a kansa: tutiya ta fi taushi, don haka zaren ramin sanda ya fi saurin cinyewa, wani lokaci ma bulon ya tsage. Gwajin da maganaɗisu yana taimakawa. Zai kama bulon sitil na yau da kullum, ba zai kama tutiya ko tagulla ba, ita kuma tagulla launinta na rawaya yana nuna ta.

Sai siradan gada, wato ƙananan ƙarafa shida da kowace tsirkiya ke hawa. A shafa da yatsa. Idan akwai kaushi ko kaifi a inda tsirkiya ke kwanciya, nan za ta riƙa tsinkewa.

Sai sandar kanta. Tsohon tsari murɗa ta ake yi, kuma da ta kwana biyu takan fara girgiɗi, a danna ta yi tafiya kafin gada ta motsa. Sabon tsari tura ta ake yi cikin wani bututu na roba, da ɗan sukuru na daidaita tsaurinta. Wannan ya fi ba da iko a hannu.

Sunayen da aka sani a wannan fage sun haɗa da Gotoh na Japan mai jerin 510, da Wilkinson VS100, da Hipshot da Callaham na Amurka, da ita kanta Fender. Ana yin jabun wasunsu, saboda haka idan farashi ya yi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, a yi hattara. Bigsby da irin ta Jazzmaster ta 1958 su ma ba su da kulle, amma gininsu daban ne, ba sa shiga ramin Stratocaster.

Bayan an ɗaura

Ana iya saita gada hanya uku. Ta farko, a bar ta tana lilo, bayanta a ɗage daga katako. Fender ta ba da shawarar kusan milimita 3. Haka ana iya sauke sauti ana iya ɗaga shi, amma da tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk za su fita daga saiti. Ta biyu, a ƙara matse sifirin har farantin ya kwanta a kan katako. Sauti zai sauka kawai, amma gadar ta sami wurin komawa tabbatacce, kuma wannan ya fi dacewa da mai koyo da mai wasa a gaban jama'a. Ta uku, a cusa ɗan katako a bayan bulo a tsayar da ita cak, kamar yadda Eric Clapton yake yi.

Kada a murɗa turaka alhali tsirkiyoyi suna ɗaure tamau, domin haka ne ke cinye kaifin faranti. A sassauta su tukuna. Idan aka canza kaurin tsirkiya, sai an sake daidaita sifirin. Sabuwar tsirkiya a ja ta da hannu sau da yawa har ta daina saki, kuma kada naɗinta a kunne ya wuce zagaye biyu zuwa uku. Kunnuwa masu danne tsirkiya irin na Sperzel ko Gotoh suna rage wannan naɗin kusan gaba ɗaya. Lokacin hunturu ƙura tana taruwa a tsagar nat da wurin lilo, da damina kuma gumi da laima suna kawo tsatsa, don haka a riƙa gogewa bayan wasa, a ɗiga mai kaɗan a inda faranti ke haɗuwa da turke.

Idan an gama, a maimaita gwajin farko da manhaja a kwatanta da lambobin da aka rubuta. Idan tsirkiyoyi shida suna dawowa da bambancin sent biyu ko uku kawai bayan an danna sanda, gadar ta yi, sai a ci gaba da kiɗa.